Ɗaya Dama, Ɗaya Hagu

Da hantsi ranar Alhamis aka gane jirgin Kyaftin ya ɓace.

Ba jirgin gaske ba ne, shi ma Kyaftin bai taɓa ganin teku ba. Malamin zane ne da ya yi ritaya. A ƙasan benen da yake haya akwai wani ɗakin ajiya mai taga ɗaya. A nan shi da wasu dattawa uku suke haɗuwa suna sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na katako, irin na da, masu tafiya da iska. Wanda ya ɓace ɗin shekara huɗu ya ci. Tsawonsa kamu biyu, sandunansa uku, kowane zare a jikinsa da hantsaki aka ƙulla shi. Jibi Asabar za a kai shi makarantar da Kyaftin ya koyar, a ɗora shi a tsakiyar ɗakin taro, kowa ya zagaya ya gani.

Aka aika a kira ƙaninsa. Mai Sawu ake ce masa, don shekara talatin ya yi a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata. Tun da ya ajiye aiki ba wanda ya sake neman idonsa sai in akuya ta ɓata.

Ya tarar da mutanen gidan cike a bakin ƙofa, Baba Maigadi yana tare su da sanda. Yayansa na zaune a kan benci, hula a gwiwa.

"Auta, an gama da ni."

Mai Sawu ya haura sittin, amma a bakin yayansa bai taɓa wuce Auta ba.

"An fasa ƙofa?"

"A kulle na same ta."

"Mukulli nawa ne?"

"Uku," in ji Baba Maigadi. "Na Kyaftin, na Likitan haƙori da suke aikin tare, sai na Goggo mai shara."

Mai Sawu ya tsuguna a bakin ƙofar. Garin katako ya rufe simintin ɗakin kamar an barbaɗa. A kan teburin da ke lungu, tsakanin bango da kabad, mazaunin jirgin ne kawai ya rage, hannuwansa biyu a buɗe. Wuƙaƙe, ƙananan zartuna da kwalaben gam duk suna inda suke.

Mutane suka yi tsit. Ya daɗe bai ji an yi masa irin wannan shirun ba, sai abin ya yi masa daɗi.

"Mace ce ta shiga ƙarshe," ya ce, da ƙarfin da na baya ma zai ji. "Silifa ta roba, dugadugin hagu ya cinye. Ta tsaya gaban teburin, ta juya, ta fita da sauri."

Goggo na bakin famfo da bokiti. Idanu suka koma kan ƙafarta ta hagu.

"Ga ta nan!" in ji Uwar Tagwaye, mai hawa na biyu. "Ai dama da ɗan gari akan ci gari. Ni fa tun ɓatan cokulana nake shiru."

"An ga cokulan naki a bayan firij," wani ya ce.

"To, wa ya kai su?"

Kafin Mai Sawu ya miƙe tsaye an yanke hukunci. In jirgi bai fito ba zuwa la'asar, a karɓe mukullanta, a sallame ta, a kira 'yan sanda. Ya juya ya dubi yayansa, ko zai ce wani abu. Kyaftin na kallon cikin hularsa.

*

A ƙarƙashin matakala Goggo take ajiye tsintsiya da bokitai. A nan ya same ta, zaune a kan wani tsohon galan. Shekara tara tana share gidan.

"Goggo, kin shiga ɗakin yau?"

"Ai ka riga ka faɗa, Malam. Me ya rage kuma?"

"Daga bakinki nake so in ji."

"Na shiga da sassafe zan yi shara. Na ga wurin wayam. Na fito, na kulle."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, wa za a ce? Ga shi ban faɗa ba ma an ce ni ce." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Me zan yi da jirgi fisabilillahi? In haye kwata da shi?"

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

"Ƙafata ka gani," ta ce. "Ka ga hannuna ɗauke da wani abu?"

Nan ta kama shi. Takunta na fita masu faɗi ne, kuma ta tsakiyar ƙofa suka bi, kai tsaye. Mai ɗauke da abu mai tsawon kamu biyu da sanduna uku ba ya fita haka. Ya ga wannan tun yana tsugune. Ya fara da abin da zai sa a jinjina masa, kafin ya kai ga sauran ihu ya tashi. Magana zarar bunu.

"Zan gyara," ya ce.

"Allah ya sa. 'Yata na zuwa ɗaukata da yamma. Ban san me zan ce mata ba."

*

Baba Maigadi ya ja shi gefe, kusa da ƙofar gida.

"Ni dai ba na son a ji daga bakina."

"To daga bakin wa zan ji?"

"Jiya bayan azahar Likita ya shiga ɗakin nan. Ya fito da kwali, ƙato. Na gan shi da idona kafin in tafi cin abinci." Ya rage murya. "Ka san kuwa ba sa ga maciji da yayanka. Shekara uku ke nan, Kyaftin ya sa shi ya ɓamɓare aikin wata biyu a gaban kowa. Babban mutum, likita guda, yana cire katako ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa. Daga nan nake jiyo faɗan."

"Cin abincin naka minti nawa ne?"

"Ɗan kaɗan."

"Baba."

"To, na ɗan kishingiɗa. Tsufa ne."

*

Likita na wanke hannu a asibitinsa lokacin da aka shigar da Mai Sawu. Ɗakin na warin magani. Bai jira tambaya ba, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Gangar wani jirgi ce a ciki, ko sanda ɗaya ba a kafa mata ba.

"Nawa ne. Na kwaso shi don kada a haɗa shi da na yayanka ranar Asabar, a yi ta auna mu. Duba bakinsa in kana so, ba zai cije ka ba."

"Da ka fito, nasa yana nan?"

"Yana lungunsa. Tun bara can yake zaune. Ya ce hasken taga na cin fenti."

"An ce ya taɓa kunyata ka."

"Ya yi." Likita ya goge hannunsa a hankali. "Abin haushin, shi ke da gaskiya. Kalli nan." Ya juya gangar jirgin. "Da farko ƙashin baya ake kafawa, sai haƙarƙari. Sannan a lulluɓe su da siraran katako, kowanne a jiƙa shi, a lanƙwasa, a manna. Gam in yana bushewa ja yake yi. Shi ya sa in ka manna ɗaya a dama, sai ka manna ɗan'uwansa a hagu, ka tafi gida ka jira. Ɗaya dama, ɗaya hagu. Yayanka ya fi faɗin wannan a kan sallama. Ni kuwa na cika gefe ɗaya don sauri."

"In an yi haka fa?"

"Ƙashin bayan ya murɗe. Ba a ranar ba, a hankali, wata da watanni. Hanci ya kalli gabas, gindi ya kalli wani wuri. Daga gefe ba ka gani. Sai ka tsaya a gabansa ido da ido. Kuma ba shi da magani sai rushewa."

"Shi nasa yaushe ya lulluɓe shi?"

Likita ya yi ɗan murmushi. "Bara waccan na cika baki, na ce zan riga shi gamawa. Ya kulle kansa mako uku, ya fito da ganga a lulluɓe tsaf. Na ce lallai tsohon nan aljani ne. Ni wata huɗu nake yi."

Mai Sawu ya yi godiya ya fita. A hanya bai amsa gaisuwar kowa ba.

*

Ya koma ɗakin jirage shi kaɗai, ya turo ƙofa.

Abu na farko da aka koya masa a gandun daji shi ne ya cire sawun 'yan gida. Na masu gadi, na ma'aikata, duk a ajiye su gefe, a karanta abin da ya rage. Da safe haka ya yi. Takalmin yayansa na ko'ina a ɗakin, sai idonsa ya tsallake shi kamar babu.

Yanzu ya tsuguna ya karanta. A saman sawun Likita, a ƙarƙashin na Goggo, akwai wani layi daga teburin zuwa ƙofa. Taku gajeru, ƙafa na bin ƙafa. A bakin ƙofa ƙafafun suka juya, suka fita a kaikaice. Haka ake fita da jaririn da ya yi barci.

Wannan bai isa ba. Mutum na iya ɗaukar jirginsa ya dawo da shi. Ya miƙe ya ɗauki mazaunin, ya kai shi taga. A cikin hannun mazaunin na gaba, ta dama, an manna yankan kwali, ninki uku, an shafa musu fenti kalar katakon. A hannun baya ma akwai, amma ta hagu. Ya shafa su da babban yatsa. Aiki mai tsabta, irin na wanda ya koyar da zane shekara talatin da biyar. Abin da yake miƙe ba ya bukatar a tokare shi a kusurwa biyu masu gaba da juna.

A tsakar gida akwai tsohuwar motar Kyaftin, tayoyinta a sace, shekara biyu ba ta motsa ba. Ƙura ta rufe ta, ban da wuri biyu a kan murfin but, daidai faɗin tafin hannu. Bai taɓa ba. Ya tsaya yana kallo har ya ji zufa na bin bayansa.

*

Matar yayansa ce ta buɗe masa. Ta ajiye shayi, ta tsaya da faranti a hannu.

"Ka yi masa magana, Auta. Tun jiya da rana bai sa komai a bakinsa ba."

"Tun jiya, Anti?"

"Tun jiya." Ta dubi mijinta, ta dubi ƙanin, ta shige ciki ta ja labule.

Mai Sawu ya ɗora mazaunin a kan tebur, tsakanin kofunan. Kyaftin ya kalle shi sau ɗaya, ya kau da kai.

"Ka kulle ƙofa da ka fito da shi, Yaya. Ɓarawo ba ya kulle ƙofa."

Kyaftin ya yi ta juya kofinsa. Shayin ya daina tururi.

"Na so in fasa kwaɗon," in ji Kyaftin. "Na ɗauko guduma. Kwaɗo ne mai kyau." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Cewa na yi za a ce ɓarayin waje ne, Asabar ta wuce, a manta. Ban yi niyyar kowa ba."

"An nuna ta da yatsa kana zaune."

"Kai ka nuna ta."

"Ni ne."

"To, mu biyu ne ke nan. Ka bar shi a haka, Auta. Zan hana a kira 'yan sanda. Zan samo mata wani gidan, wanda ya fi wannan."

"Da sunan ɓarauniya za ta shiga can ɗin?"

"Ka san su wa za su zo ranar Asabar? Yaran da na yage wa takarda saboda layi ɗaya ya karkace. Yanzu injiniyoyi ne. Ga Likita. Zai tsaya a gaban hancin jirgin nan, ya rufe ido ɗaya." Muryarsa ta tashi. "Ni na goye ka. Ni na kai ka makaranta a kafaɗata."

"Ban manta ba."

"To?"

Mai Sawu ya ɗauki mazaunin. Bai iya kallon fuskar yayansa ba, sai ya kalli takalminsa. Akwai garin katako a bakin ɗinkin.

"Da la'asar zan faɗi laifina. Zan ajiye wannan a gabansu. Ba zan kira suna ba. Amma Likita zai zo, shi kuwa ya iya karatunsa."

*

Da la'asar ɗakin jirage ya cika, sauran suka tsaya a ƙofa da taga. Likita ya zo da rigar aikinsa. Goggo na tsaye kusa da kabad, mukullan gidan a dunƙule a hannunta. Kyaftin ne ya shigo ƙarshe, aka ba shi kujera.

"Da safe na yi magana rabi," in ji Mai Sawu. "Na ce mace ta shiga. Ban ce hannu wofi ta fita ba, kuma na gani. Daɗin a kalle ni ne ya ɗebe ni. Goggo ba ta ɗauki komai ba. Goggo, ki yafe mini."

Goggo ta ƙara dunƙule mukullan a hannunta.

"To, in ba ita ba, wa?" in ji Uwar Tagwaye. "Jirgin ƙafa ya yi?"

Baba Maigadi ya saci kallon Likita. Likita ya gani.

"Baba, in ka sake zuwa da ciwon haƙori, mai lafiyan zan cire."

Mai Sawu ya ajiye mazaunin a tsakiyar teburin aiki, inda haske ke faɗowa. Likita ya ɗauka, ya juya shi. Yatsansa ya tsaya a kan kwalin gaba, ya koma na baya. Ya ɗago kai a hankali. Kowa ya ga ya gane wani abu, kowa ya jira. Shekara uku yana da wannan maganar a ajiye. Sai ya mayar da mazaunin kan tebur, ya sa hannu a aljihu, ya kama kallon silin.

Wannan shirun ne Kyaftin ya kasa ɗauka.

"Yana cikin but ɗin motata," ya ce. "Ni na kai shi. Ya murɗe. Na cika gefe ɗaya don in riga Likita."

"Inna lillahi," wani ya ce daga taga.

"Na san ya murɗe," in ji Goggo.

Duka suka juya.

"Ni ce mai shiga lungun nan da tsintsiya, ranka ya daɗe. Tun bara nake ganin hancinsa yana kallon kafaɗata. Na sha ji kana yi wa Likita faɗa, ɗaya dama ɗaya hagu, har na haddace. Ranar da kwalin nan ya faɗo, ni na tsince shi na ajiye maka a kan tebur." Ta numfasa. "Ko 'yata ban faɗa wa ba. Na ce babban mutum ne, a rufa masa asiri."

Kyaftin ya cire hularsa. Bai san inda zai ajiye ta ba.

"Goggo, me zan yi?"

"A bakin famfo aka kira ni ɓarauniya. A can za ka faɗa. Da jirgin a hannunka."

Ya miƙe. Mutane suka dare masa hanya. Mai Sawu ya bi shi a baya, taku uku tsakaninsu, kamar yadda ya saba bin kowane sawu, kansa a ƙasa. Murfin but ya yi ƙara. Jirgin na kwance a kan tsohon bargo, an kewaye shi da matasan kai. Kyaftin ya ɗauko shi da hannu biyu, ya taka gajerun takun nan har bakin famfo, ya juya hancinsa wajen jama'a. Kyakkyawa ne ƙwarai. Kuma a karkace yake, ko makaho ya shafa zai sani.

Ya faɗa cewa shi ya ɗauka, ba Goggo ba. Muryarsa ba ta fita ba, Goggo ta ce na hawa uku ba su ji ba, ya sake faɗa.

Likita ya matso, ya tsaya a gaban hancin. Bai rufe ido ɗaya ba.

"Haƙarƙarin lafiya suke," ya ce a hankali. "In ka ɓamɓare, zan riƙe maka."

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Uwar Tagwaye ta hau bene tana cewa ita dama ba ta ce wallahi ba.

Mai Sawu ya koma ɗakin jirage don ya ɗauko mazaunin. Ya tarar Goggo ta riga shi, mukullan a ɗaure a gefen zaninta, tana sharar da ba ta yi da safe ba. Ta faro daga lungu. Sawun Likita ya tafi, nata ya tafi, gajerun takun ma suka bi tsintsiya. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana neman abin da zai ce, har tsintsiyar ta taɓa takalminsa.

"Ɗaga ƙafa, Malam," ta ce.

Ya ɗaga.